In babbar gada ta karye, wa ke biyan asarar, wa kuma ake kamawa?

Ɗan Dogarawa:

Salamu alaikum jama'a. Don Allah ina da tambaya, musamman ga injiniyoyinmu na Samaru da direbobi da 'yan gwari da ke nan. Tun ambaliyar Mokwa ta ƙarshen watan Mayun 2025, wadda ta ci rai sama da 150 ta karya gadoji ta bar motoci cirko-cirko a hanyar kudu, abin nan yake min yawo a kai. An yi jaje, manya sun je sun dawo, an yi alƙawura. To amma mutumin da ya yi lodin tumatur daga Hunƙuyi ko Danja, mota ta maƙale kaya suka ruɓe a kwando, shi wa ke biyansa? Sannan a ƙasashen da ake ce mana sun ci gaba, in babbar gada ta faɗi kamar waccan da jirgin ruwa ya buge a Amurka, akwai wanda ake ɗaurewa ko ya rasa kujerarsa, ko kuwa su ma ƙaddara ake cewa a shafa fatiha a watse? Ba siyasa ta kawo ni ba wallahi, sani nake nema.

Baban Tirela:

Wa alaikumussalam ƙanena. Ta farkon amsarta ba tsawo, babu mai biya. Ni direba ne, gashin kaina a hanyar Legas ya yi fari, bari in gaya maka yadda abin yake a kan kwalta.

Mu daga nan Zariya manyan hanyoyi 2 ne kusan muke da su in za mu yi kudu maso yamma. Ko ka bi ta Neja ka faɗa Tegina da Mokwa ka haye kogin Kwara a Jebba ka shiga Ilori, Ogbomosho, Oyo har Badun, ko kuma ka bi Kaduna da Abuja ka haye gadar Murtala a Jamata ka shiga Lokoja da Okene ka ɓulle ta Akure. Shi ke nan fa. Shanunmu da masararmu da albasa da wake duk ta nan suke sauka, man fetur da kayan kwantena kuma ta nan suke hawowa, to ranar da ɗaya ta samu matsala kowa sai ya juya kan ɗayar, ita ma ta cushe, ka ga tirela ta bi tirela iya ganinka ba mai motsi. Ku tuna gadar Tatabu tsakanin Mokwa da Jebba da ta karye a damunar 2017, lokacin Buhari na jinya a Landan, har Osinbajo ya je wurin da kansa yana muƙaddashi. Ku tuna 2022 da ruwa ya shanye titi wajen Koton Karfe, tankokin mai suka tsaya, kafin ka ce kwabo layin mai ya dawo Abuja. Can ma gadar ba faɗuwa ta yi ba, ruwa ne kawai ya hau hanya.

Amma gyara kaɗan a maganarka, a ƙarshen Mayu tumatur ɗin rani ya riga ya ja baya, waɗanda suka fi jin jiki a na Mokwa masu raguna ne da shanu, don babbar sallah ta faɗo 6 ga Yuni, saura mako guda kenan. Dabba a cikin mota a rana ba ruwa ba harawa, wasu su galabaita a yanka su a gefen hanya a sayar da naman a wulaƙance, wasu su mutu mushe, wanda ya isa kuma ya isa a rame kuɗinsa ya karye.

Kuma asarar ba a kan mutum ɗaya take tsayawa ba. Mai kaya sau da yawa bashi ya ɗauko kayan a hannun manomi, sai an sayar a kasuwar Mile 12 ta Legas ko Bodija ta Badun a turo kuɗi, to in kaya sun ruɓe manomin ma ya shiga ciki. Ni direba cikon kuɗina sai na sauke lodi, in na yi zagaye man gas ɗin da ya ƙaru sai mun yi ta ja-in-ja da mai kaya a waya, ga kuɗin abincina da na yaran mota, ga na kan hanya da ba sai na faɗa ba kowa ya sani. Dillalai kuma da sun ji hanya ta toshe sai su daina saye, kaya su yi kwantai a kasuwannin ƙauye farashi ya faɗi warwas, a Legas kuma ya yi tashin gwauron zabi. Mun ga irin haka ƙarara a farkon 2021 da ƙungiyar masu kayan abinci da shanu ta hana kai kaya kudu, 'yan kwanaki ne amma manoman tumatur a nan kuka suka yi. Inshora kuwa, wadda yawancinmu muke da ita takarda ce ta nuna wa jami'ai a shingen hanya, ba ruwanta da abin da ke cikin bodin mota.

Masu cin riba dai ba a rasa su. Masu abinci, 'yan acaba, 'yan kwale-kwale, da samarin ƙauye da za su sare wata ɓarauniyar hanya ta cikin gona su kafa sanda suna karɓar kuɗi. Ban ga laifinsu ba sosai.

Injiniya Samaru:

Allah ya ƙara lafiya Baba, ka gama magana a ɓangaren hanya. Bari in ɗauki na wajen.

Ta Amurka da ka ambata gadar Francis Scott Key ce a birnin Baltimore. Ranar 26 ga Maris 2024 cikin dare, wani ƙaton jirgin dakon kwantena mai suna Dali yana fita daga tasha zai tafi Siri Lanka, wutarsa ta ɗauke, ya kwace ya je ya daki ginshiƙin gadar, nan take ta zube. Mutum 6 suka rasu, dukkansu ma'aikata ne masu cike ramukan titi a kan gadar, 'yan ci-rani daga Meziko da Gwatamala da Honduras da El Salbado. Abin da ya rage yawan mutuwar shi ne mutanen jirgin sun yi kiran gaggawa, 'yan sanda suka tare motoci kafin karon. Ɓaraguzan suka toshe mashigar tashar, ita kuma tashar Baltimore a lokacin ita ce kan gaba a Amurka wajen shiga da fitar motoci, ga gawayin kwal da take fitarwa, sai 10 ga Yuni aka buɗe mashigar gaba ɗaya, wajen mako 11 kenan.

To ga inda tambayarka take. Cikin makonni kaɗan majalisar jihar Maryland ta yi doka ta tallafa wa ma'aikatan tashar da aikinsu ya tsaya, ƙananan 'yan kasuwa aka buɗe musu rance mai sauƙin ruwa. Shugaban Amurka na lokacin, Biden, ya ce gwamnatin tarayya za ta ɗauki kuɗin sabuwar gada duka, majalisa ta amince a Disambar 2024. Kamfanonin da ke da jirgin da masu tafiyar da shi suka biya gwamnati sama da dala miliyan 100 na kwashe ɓaraguzai kawai, sauran ƙararraki daban. Amma kar ku ɗauka can aljanna ce, kuɗin sabuwar gadar da farko an ce bai kai dala biliyan 2 ba kuma za a gama a 2028, daga baya aka dawo aka ce ya haura biliyan 4 kuma sai 2030. Su ma kwangilarsu tana kumbura. Kuma gwamnan Maryland bai sauka ba. Abin da ya burge ni shi ne masu bincike sun bi diddigi har suka gano waya ɗaya ce da ta saki a cikin na'urar lantarkin jirgin ta jawo ɗaukewar wutar, suka kuma fito fili suka ce hukumar da ke kula da gadar ba ta yi lissafin haɗarin karon jirgi da ya kamata ta yi ba, da ta yi da ta ga haɗarin ya ninka abin da aka yarda da shi kusan sau 30.

Wadda siyasarta ta fi zafi ita ce ta Jenowa a Italiya, gadar Morandi, 14 ga Agusta 2018, mutum 43. Wannan ba jirgi ba ambaliya, kamfani ne mai zaman kansa, Autostrade, yake karɓar kuɗin hanya kuma gyara na wuyansa, masu rinjaye a cikinsa kuma iyalin Benetton ne masu kayan sawa. Ƙasa ta ɗau zafi, gwamnati ta yi ta matsa musu har a 2022 kamfanin ya koma hannun wata haɗaka da bankin gwamnati ke jagoranta. Sabuwar gada an buɗe ta a Agustan 2020, shekara 2 ba ta cika ba. Mutum 59 aka gurfanar a kotu a 2022, da manyan kamfanin da jami'an ma'aikatar. Sai dai fa sayen hannun jarin aka yi, kusan yuro biliyan 8 aka biya, iyalan mamatan kuma abin ya yi musu ciwo ƙwarai, a ganinsu an sallami masu laifi da kuɗi ne.

Ni a wurina bambancinmu da su ba wai sun fi mu tsoron Allah ba ne. Fayil ne. A Amurka tun da wata gada da ake kira Silver Bridge ta faɗi a 1967 ta kashe mutum 46 aka yi dokar duba gadoji, galibi duk bayan shekara 2, a rubuta a sa hannu. Ranar da ta faɗi sai a ɗauko fayil a ga wa ya duba, me ya rubuta, wa ya karanta ya share. In babu takardar da ke ɗauke da sunan mutum, wa za ka kai kotu? Ruwan sama?

Alhali yawancin namu ba dare ɗaya suke faɗuwa ba. Ruwa ne yake ta ƙwaƙular ƙasar gindin ginshiƙi damina bayan damina har ya bar shi a tsaye ba madogara, ko kwalbati ya toshe ruwa ya taru ya ci ƙasar da aka cika a bakin gadar, ka ga gadar ita lafiyarta ƙalau amma titin da ke hawa kanta ya tafi. Ga obalodi, gadar da aka zana shekaru 40 ko 50 da suka wuce yau ga abin da ke bin ta dare da rana. Duk wannan abu ne da ido ke gani in an je an duba.

Malamar Tudun Wada:

Sannu da ƙoƙari Injiniya, amma ni ban yarda fayil kaɗai ne ba. Fayil ɗin wa zai tilasta a buɗe shi?

A Fotugal a watan Maris 2001 wata tsohuwar gada ta rufta da motar bas da ƙananan motoci a kogin Douro, mutum 59 suka mutu, ministan ayyuka Jorge Coelho bai jira kwamiti ba ya ajiye aiki cikin sa'o'i. A Koriya ta Kudu 1994 gadar Seongsu ta karye da safe mutane na tafiya aiki da makaranta, mutum 32, aka sauke magajin garin Seoul. Waɗannan ba kotu ce ta kore su ba, kunya ce da sanin cewa jama'a ba za su haƙura ba. Na Fotugal ɗin ma injiniyoyin da aka kai kotu daga baya wanke su aka yi.

Yanzu ku duba Indiya, wadda ta fi kama da mu. Garin Morbi a jihar Gujarat, 30 ga Oktoba 2022, gadar ƙafa mai lilo ta tsinke kwanaki kaɗan bayan an sake buɗe ta wai an gyara, mutum 135 aƙalla, da yawa mata da yara. Kamfanin da aka ba gyaran, Oreva, da agogon bango aka san shi. An kama mai kamfanin, gaskiya ne. To amma zaɓen jihar saura 'yan makonni, kowa ya ce jam'iyyar BJP mai mulki za ta ɗanɗana kuɗarta, sai ga shi ta ci kujeru 156 cikin 182, irin cin da ba ta taɓa yi ba, har da kujerar Morbi ɗin kanta, da ɗan takarar da aka yi ta yaɗa bidiyonsa a cikin ruwa yana ceto. Wato wanda ya zo wurin ihu bayan hari shi aka tuna, ba a tambayi wanda ya sa hannu a kwangilar ba.

Mu nan haka muke ko mun fi. In abu ya faru babban abin da ake aunawa shi ne wa ya zo jaje, da motoci nawa, ya ba da nawa, buhun shinkafa nawa. Gwamna ya ce hanyar tarayya ce, tarayya ta ce an sa a kasafin kuɗi, ɗan majalisa ya gabatar da ƙudiri a ɗauke shi a bidiyo, an gama. Gadar Namnai da ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari ta karye a damunar 2024, damina ta sake zagayowa mutane na fito da kwale-kwale har aka yi hatsari a wurin a 2025. Wa ya sauka a kan haka?

Kuma mu faɗi gaskiya, gyara ba ya kawo ƙuri'a. Wanda ya kashe kuɗi ya ƙarfafa gindin gada a ƙarƙashin ruwa ba mai gani, ba allo ba yanka ƙyalle ba makaɗa, amma gadar sama a tsakiyar gari ko ba a buƙatarta hotonta na nan a fosta. In ta karye kuma sai a ba da kwangilar gaggawa, wadda ba a tsaya dogon tantancewa ba, to ku gaya min wanne ya fi wa mai son ci daɗi. Ni abin da ya fi ƙona min rai, mu mata mu ne muke fara gani a cefane, kuɗin kayan da ke zuwa daga kudu kamar manja da gari da goro ya hau da sunan hanya ta lalace, a gyara hanyar kuma bai sauko ba.

Matashin Sabon Gari:

Hajiya Allah ya ja da rai amma mu ma talakawan ba waliyyai ba ne fa. Wa ke zuba bola a rafin Kubanni? Wa ke kwance ƙarafunan gefen gada da daddare ya kai wa 'yan jari bola? Masu tifa da ke ɗibar yashi dab da gindin gada daga wata ƙasa suka zo? Sannan Baba da girmanka, motar da aka ce tan 30 ku ɗora mata abin da ya fi haka nesa, ku ne fa kuke karya ta.

Baban Tirela:

Yaro ba ka yi ƙarya ba, amma tambayi wa ke sa a yi obalodin. Mai kaya so yake abin da mota 2 za su ɗauka a cusa a 1 saboda tsadar gas, in ka ƙi akwai mai jiran lodin a bayanka. A kafa sikeli a hanya a auna kowa ba sani ba sabo, har da motocin manyan kamfanoni, wallahi mu za mu fi kowa murna don tayoyinmu da sifirin ɗinmu ne ke hutawa. Kuma asali ma siminti da mai da hatsi ba kayan titi ba ne, kayan jirgin ƙasa ne. Ga layin dogo nan ya ratsa Zariya ya bi ta Mokwa da Jebba har Legas, ga reshen Gusau da Ƙauran Namoda ya tashi daga nan, iyayenmu da shi suka yi fataucin gyaɗa da auduga. Da yana aiki yadda ya kamata rabin nauyin nan ba zai hau gada ba.

Injiniya Samaru:

Maganar yashin nan kar a ɗauke ta wasa, a binciken gadar Fotugal da Hajiya ta kawo, ɗibar yashi a kogin na cikin abin da aka ɗora wa laifi. Hajiya kuma na karɓi gyaranki rabi, fayil ba ya buɗe kansa. Sai dai ko jama'a sun fusata, in ba su san ofishin da za su nufa ba fushin a shayi yake ƙarewa. Mutane da yawa ba su san ma wace hanya ce ta tarayya wacce ce ta jiha ba, balle su san FERMA aikinta gyaran hanyoyin tarayya ne ba na cikin unguwa ba.

Ɗan Dogarawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Injiniya to mu da ba mu yi karatun ba, in mun tsaya a gada me za mu duba? Akwai wata ƙarama a hanyar ƙauyenmu da nake zargi, in babbar mota ta hau har jijjiga take.

Injiniya Samaru:

Jijjiga kaɗan ba lallai matsala ba ce, gada tana ɗan motsi dama. Ka duba waɗannan: ko kankare ya ɓare rodi ya fito yana tsatsa, ko akwai tsagewa a ginshiƙi ko a ƙarƙashin bene wadda take ƙara faɗi, ko ruwa ya yi rami a gindin ginshiƙi har ana hango tushensa, ko titin da ke bakin gadar ya fara nutsewa mota na yin tsalle in za ta hau, sai kuma itatuwa da shara da suka taru suka tare hanyar ruwa. Na 3 da na 4 su ne masu kisa da damina. Ka ɗauki hoto daga wuri ɗaya yanzu da kuma bayan an yi babban ruwa, da kwanan wata, ka kai wa mai unguwa ko dagaci a rubuta takarda da sa hannun mutane zuwa ƙaramar hukuma da ma'aikatar ayyuka, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Ka turo min hotunan in gani tukuna. Amma don Allah kar ka shiga ƙarƙashinta in ruwa ya kawo, ka bari ya janye.